San Baba Nomau da Na Bari Ya Zama Mushe

Numfashin wani sa na fara ji kafin in ji muryar mutum. Ina zaune a inuwar dogon yaro a tashar Tsafe, da hantsi, hadari ya ɗan lulluɓe rana, sai wayata ta yi ƙara. Da na ɗauka na ji wani gurnani mai nauyi, kamar ana jan buhu a kan yashi, ya tafi, ya dawo. Can sai muryar Inna Tumba ta shigo, wata tsohuwa daga wani ƙauye a bayan 'Yankuzo.

"Mai 'yan kunne, ke ce? Baƙin sa ya ci gyauron dawa, ciki ya kumbura, ya hwaɗi. Ga Malam nan da wuƙa, ga mahauci ya iso. Ni na ce a dakata in ji bakinki."

Na ba ta amsar da aka koya mini, wadda na sha faɗa ba tare da ko idona ya ƙifta ba. Na ce, "Inna, in dai an yanka, kamfani ba ya biya. Sai wanda ya mutu da kansa."

Na faɗa ne ina jiran ta ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri, su yanka, magana ta wuce. Haka kowa yake yi. Maimakon haka sai na ji ta kawar da baki daga wayar tana ce wa mijinta, "Malam, aje wuƙar ga. Ɗiyar ga ta ce za a ba mu wani."

Ban ce za a ba su wani ba. Amma ban ce a'a ba. A wannan lokacin ne na ji kamar ƙasar tashar ta ɗan karkata, motoci da masu talla suka yi nisa, kamar ina kallonsu daga cikin ruwa. Kalma ɗaya ta ishe ni: yanka. Tana kan harshena. Na riƙe wayar a kunne ina sauraron numfashin nan yana raguwa, har katinta ya ƙare.

'Yan'uwana matasa, musamman 'yan mata irina da suka gama sakandare suna zaune, ku nake rubuta wa wannan. Ba zan faɗi sunana ba. In kun ga na yi tsalle a labarin, ku yi mini haƙuri.

Ni 'yar Tsafe ce. Mahaifina ya rasu ina aji biyu, Innata ce ta riƙe mu da awara da dafaffiyar gyaɗa a bakin titi. Da na gama makaranta ni nake kai wa fasinjoji ta tagar mota. Ba ni da halin ɗauke-ɗauke, ko canjin fasinja ya rage a hannuna sai na bi motar da gudu. Abin da nake da shi kawai shi ne yawan mafarki da rana tsaka. In motar Gusau ta tashi sai in bi ta da ido, in ga kaina a ciki da jaka a kafaɗa, ina da wurin zuwa.

Wata rana wani mutum ya sayi awara ya tsaya yana tambayata ko na iya karatu. Fari ne, mai taushin murya, yana ƙamshin turare. Manaja muke ce masa, har yau ban tabbata sunan da ya ba mu nasa ba ne. Ya ce yana da ofishin inshora a Gusau, na babur da shago da gida da gona da dabbobi, yana neman 'yan mata masu takardar sakandare. Na ce me ya sa 'yan mata? Ya yi murmushi ya ce, "Namiji iyakarsa zaure. Ke kuwa har ƙuryar ɗaki. Kuma rabin dabbobin ƙauye na mata ne."

Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon taya, da fanka da labule shuɗi. Ranar da na fara hawa benen ji na yi kamar na shiga mafarkin da na saba yi. Aka ba ni jaka, da wani ƙarfe kamar filaya, da leda cike da alamomin roba ruwan ɗorawa waɗanda ake maƙala wa dabba a kunne. Aikina in shiga gida in yi wa mata bayani: kowa ya sa kaɗan, wanda asara ta faɗa wa a ɗebo a share masa hawaye, kamar adashe, kamar gayya. In sun yarda sai in huda kunnen dabbar in sa alama. In ta mutu a yanko kunnen a kawo, a ba da kuɗin wata.

Wallahi da farko na yarda da abin. Mutanenmu sun ga asara iri-iri, wasu an kore musu garke a daji, wasu gobara ta cinye rumbu, kowa a tsorace yake da gobe. In na yi magana sai in ga fuskar mace ta saki. Na zaga Tsafe, na shiga 'Yandoto, na kai har ƙauyukan Bungudu a kan kabu-kabu. In na waiwaya ina barin gari sai in hango tumaki da awaki da kunnuwa rawaya-rawaya kamar an watsa furanni, in ji daɗi ya kama ni.

Idona ya fara buɗewa ne da wani mai shayi na Bungudu da rumfarsa ta ƙone. Ya zo ofis da ƙaurin hayaƙi a rigarsa. Manaja ya ba shi kujera, ya ba shi ruwan sanyi, ya yi masa jaje mai daɗi, sannan ya ce ai sharaɗin bai haɗa da wurin da ake hura wuta ba. Mai shayi, wurin da ba a hura wuta. Mutumin ya sauka bene yana ta godiya don kunya.

Na ce, "Manaja, to wa aka taɓa biya?"

Ya dube ni ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce kowane ɗaki yana da ƙofar baya. Mai babur, ina lasisinka. Mai gona, ai ka makara da shuka. Wanda aka sace wa, satar daji ba ta ciki. Na ce dabbar da ciwo ya kashe fa? Ya ce, "Wannan ita ce mafi sauƙi. Kin taɓa ganin Musulmin da zai tsaya yana kallon sansa ya zama mushe da wuƙa a gidansa? Kafin ya shure an yanka. Mu kuma ba mu biyan yankakke."

A ranar ya kamata in ajiye jakar in hau motar Tsafe. Na sauko da niyyar haka. A ƙasan bene ya kira ni ya miƙo mini sabuwar waya a kwalinta, ya ce ma'aikaciya irina ba ta dace da mai tsagaggen gilashi ba. Na karɓa. Na ce wa raina zuwa ƙarshen wata kawai. Ƙarshen wata ya zo na yi wa Innata sabon kasko da buhun waken suya, ta rungume ni tana sa mini albarka, na ce to wata mai zuwa.

Daga nan zuciyata ta kawo mini wata shawarar. Tunda ba biya ake yi ba, mene ne amfanin kai komai ofis? Na fara da akuya ɗaya. Na sa mata alama, na riƙe abin da aka ba ni. Ba abin da ya faru. Rana ta fito yadda ta saba. Sai tunkiya, sai rago, sai gida guda.

Haka na isa gidan Baba Nomau. Shi manomi ne, tsoho dogo mai ƙarancin magana, dukiyarsa duka shanun huɗa biyu, baƙi da ja, a ɗaure a turke a tsakar gida don ba ya yarda su kwana a waje. Inna Tumba, matarsa, ita ce mai bakin gidan. Ta shimfiɗa mini tabarma ta dama mini fura, ta saurare ni har ƙarshe. Shi kuwa yana gefe yana tufkar igiya ya ce, "Wanda ya ba ni su shi ka tsare su." Ta ce, "Shi ya ba ka ƙyaure ma, amma kullum sai ka sa sakata." Ya ci gaba da tufkarsa. Ta shiga ɗaki ta kwance abin da ta tara na ƙuli-ƙuli.

Da na zo huda kunnen baƙin san, matan maƙwabta suka leƙo ta katanga. Wata ta ce, "Tumba, an yi wa ango 'yan kunne, saura lalle." Inna Tumba ta ce, "Ke dai taki akuyar ko zobe ba ta samu ba." Aka yi ta dariya. Tun ranar suka sa mini Mai 'yan kunne. San ya juyo ya lashi bayan hannuna, harshensa da kaushi da ɗumi. Na huda na jan ma, na fito da kuɗin tsohuwar a jakata, ofis bai taɓa jin labarinsu ba.

Duk lokacin da hanya ta bi da ni ta wajen sai ta tsayar da ni, ta cusa mini ƙuli-ƙuli a jaka. Ta taɓa ce mini ba ta haifi mace ba, da ta haifa da irina take so.

To ita ce ta kira ni a tasha ranar nan, a tsakiyar damina, lokacin da ake tsananin bukatar garma.

Daga baya na ji yadda aka ƙare. Mahaucin ya yi ta roƙon Baba Nomau, ya ce ko yanzu aka yanka naman zai sayi maraƙi babba. Liman ya zo ya ce wannan wane irin abu ne. Tsohon yana tsugune a kan san da wuƙa a ƙasa kusa da ƙafarsa, matarsa ta riƙe masa hannu, har numfashin ya tsaya. Suka ɗaura masa igiya aka ja shi bayan gari. Kafin su juyo ungulaye sun fara sauka. Tsohon ya koma ya yanko kunnen mai alama, ya naɗe a tsumma.

Ni kuwa na hau motar Gusau. Da muka zo Kwatarkwashi na ɗaga kai na dubi dutsen, gajimare ya sauko ya rufe kansa, sai na ga kamar shanu ne suke hawa a jere, kowanne da rawaya a kunne, suna shiga cikin farin suna ɓacewa. Na murza ido. Ba komai sai dutse. Wannan abin ya bi ni har yau, ko gyangyaɗi na yi da rana sai na gan su.

Na faɗa wa Manaja komai, har da cewa ban kawo kuɗin ba. Na ce ya taimaka a biya wannan ɗaya, ya riƙe albashina har abada. Bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon fanka, sannan ya ce, "Ya bari ya mutu? Da gaske?" Na ce e. Ya ce, "To labarin zai zaga." Da na dawo bayan kwana kaɗan na tarar da kwaɗo a ƙofa, an cire labulen. Mai taya ya ce tun shekaranjiya aka kwashe kaya.

Labarin kuwa ya zaga. Mutumin da ya bar sansa ya zama mushe saboda inshora, ba kasuwar da ba a yi zancensa ba. Kowa mai dabba da rawaya a kunne ya taso. Manaja ba wanda ya san garinsu. Fuskar da aka sani tawa ce, ni na zauna a tabarmarsu, ni na sha furarsu. Aka kife wa Innata kasko a tasha. Lawali, babban ɗan Baba Nomau, ya tsaya a gaban jama'a ya rantse cewa duk ranar da ya gan ni sai an ɗauke ni a kwance. Na ɓuya a ɗakin wata ƙanwar Innata a Gusau, ko tsakar gida ba na fita. Ranar da 'yan sanda suka zo, gaskiya sauƙi na ji.

A gaban alƙali ban yi musu ba. Abin da ba zan manta ba shi ne lokacin da aka kira Baba Nomau. Ya tako a hankali ya kwance tsumman ya ajiye kunnen a kan tebur, ya bushe ya nannaɗe kamar ganye, alamar kuwa tana nan sabuwa fil. Ya ce, "Ranka ya daɗe, tun da nike ban taɓa sa wuƙa ga mushe ba sai wanga. Yanzu in na shiga kasuwa yara na ce mini Nomau mai mushe. Ni ba san ya hi yi mini ciwo ba. Shina kallona, ina da abin da zan sauƙaƙa mishi, na hana." Inna Tumba tana bayansa. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya.

Aka kai ni gidan yari. Ba zan cika ku da labarinsa ba. Kwanakin can ba su da fuska, ɗaya kamar ɗaya, sai ka rasa ko jiya ce ko wancan makon. Akwai wata 'yar taga a sama da nake ganin sarari ta cikinta. Da damina ta zagayo na ji ƙamshin ruwan farko, sai na ce a raina yau ake ɗaura wa shanu karkiya, Baba Nomau da me zai haɗa jan? Na yi kuka ranar fiye da ranar da aka yanke mini hukunci. A can na koyi ɗinki, a can kuma na koyi yin sallah ba da gaggawa ba. Na roƙi Allah gafara har na rasa kalmomi, amma wata malama mai zuwa yi mana karatu ta ce mini hakkin mutum sai mutum ya yafe.

Ga abin da nake so ku riƙe. Inshora ta gaskiya tana nan, akwai masu yin ta da amana, har irin wadda malamai suka yarda da ita. Amma in aka ɗauke ki aiki don kawai ke ce za ki iya shiga inda namiji ba ya shiga, ki tambayi kanki me ake so ki shigar. Ki nemi ganin mutum ɗaya da aka taɓa biya, da idonki. In aka koya miki amsar da za ki ba wanda asara ta sama tun asarar ba ta zo ba, ajiye jakar. Kuma kada ki ce akuya ɗaya ce. Ni ma da akuya ɗaya na fara. Iyayenmu na ƙauye kuma, duk wanda ya ce ku ajiye wuƙa a kan dabbar da ke shirin mutuwa, ku yanka tukuna sannan ku saurare shi.

Da aka sake ni ban iya komawa Tsafe ba. Na zauna a Gusau ina ɗinki a ɗaki, ko kabu-kabu ya tsaya a ƙofa sai in ce Lawali ne. Innata ta zo ta same ni na rame. Ta ce, "Wannan ba fita ba ce, ɗaki kika sauya. Tashi mu tai gidansu." Na ce kashe ni za su yi. Ta ce, "To sai su haɗa da ni."

Muka isa da hantsi, ana sassabe, sararin sama fari tas. Hanyar duk na san ta, amma ji nake kamar wata ce take tafiya da ƙafafuna. Innata ta yi sallama. Inna Tumba tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe, sannan ta ce, "Kin rame." Ba ta shimfiɗa tabarma ba. Na durƙusa a ƙasa na fara magana, ban san me na ce ba, na dai ji ina maimaita cewa kalma ɗaya ce, kalma ɗaya ce na hana.

Turke ɗaya babu kowa. A ɗayan jan san yana tsaye yana tuƙa, kuma alamata tana nan a kunnensa, rana ta ɗan kashe mata launi.

Sai ga Lawali ya shigo da gatari a kafaɗa. Ya tsaya cak. Na ji Innata ta matso ta dafa bayana. Kafin ya buɗe baki Baba Nomau ya fito daga ɗaki, kuma da wuƙa a hannunsa, doguwa mai ƙotar icce. Na san ita ce ko ba a faɗa mini ba. Inna Tumba ta daina tankaɗen. Na rufe ido.

"Lawali, aje gatarin ga ka riƙe mini ja."

Na buɗe ido. Tsohon ya juya wuƙar, ya kama tsinin, ya miƙo mini ƙotar.

"Wadda kinka hana ni aiki da ita ce," ya ce. "Yaron ga ya so ya cire abin nan tun bara, na ce a bar shi, mai shi na zuwa. Tashi ki ɗauke kayanki."

Lawali ya tsaya kamar ba zai motsa ba, sannan ya jingine gatarin ya kama igiyar hancin san, ya kawar da fuska. Na tashi. Na karɓi wuƙar na matsa kusa da san. Inna Tumba ta ce daga inda take, "Ki yi a hankali, kar ki sa mu yanka na biyu." Wata dariya ta kuɓuce wa Innata, rabinta kuka. Na kama kunnen, da ɗumi, da laushi, na sa bakin wuƙar a wuyan robar na danna. Ta faɗo a tafin hannuna, ba ta kai nauyin ƙwallon goro ba. Ramin da na huda yana nan, haske yana wucewa ta cikinsa. San ya kaɗa kai ya ci gaba da tuƙarsa.

Baba Nomau ya karɓi wuƙarsa ya goge a riga. Ya ce shi ya yafe tun ranar da ya ga an tafi da ni, zuciyar tsohuwa ce ba ta gama hucewa ba, wannan kuma sai a hankali. Sannan ya juya wajen ɗansa.

"Rantsuwar da ka yi, ka yi kaffara. Ran Juma'a zan hwaɗi a masallaci kowa ya ji." Ya dube ni. "Ɗiyata, tahi gida. Ki bi ta tasha, ki bi ta kasuwa, da rana tsaka. Ba mai taɓa ki."

Na tsaya da robar a dunƙule a hannuna. Sai a lokacin na ji kukan kaji, da ƙarar turmi a maƙwabta, da iska a cikin dogon yaro, kowane sauti a kusa, kamar yanzu na fito daga ruwa.